Darasi na Takwas: Karɓar Maganin Ciwo Mai Daɗewa ta Hanyar Inshora

Akwai cututtukan da ba a shan maganinsu na kwana biyar a rabu da su, sai dai a zauna da su ana lallaɓawa, sau da yawa har iyakar rayuwa. Hawan jini da ciwon suga da asma da farfaɗiya duk suna cikinsu. Babban abin da mai irin wannan ciwo zai ji tsoro shi ne yankewar magani. Mai farfaɗiya idan ya daina shan maganinsa farat ɗaya, ciwon yana iya tasowa ya kayar da shi, mai ciwon suga nau'i na ɗaya kuwa idan ya rasa allurar insulin, cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya galabaita har a kwantar da shi a asibiti. Abin takaici shi ne sau da yawa maganin yana nan a kanti, takarda ce kawai ta tsayar da shi.

Abu na farko shi ne ka san sunan maganinka. Yawancin magunguna suna da suna biyu, wato sunan sinadarin da ke ciki da kuma sunan da kamfani ya raɗa masa don kasuwa. Glucophage sunan kamfani ne, sinadarin da ke cikinsa metformin ne. Haka kuma Norvasc, na hawan jini, amlodipine ne. Ka sami ƙaramin littafi ka kwafe sunan sinadarin harafi bayan harafi daga jikin kwali, tare da ƙarfinsa, domin amlodipine mai miligiram 5 daban yake da mai 10, ko da ƙwayoyin sun yi kama. Wanda ya ce "ƙaramar farar ƙwayar nan nake sha" bai ba mai harhaɗa magani abin da zai yi aiki da shi ba.

Amfanin sanin sunan yana fitowa ne idan aka zo maganar biya. Tsarin inshora yakan kasance da jerin magungunan da ya yarda zai ɗauki nauyinsu, kuma ya fi karkata ga waɗanda ake sayarwa da sunan sinadari kawai saboda sauƙin kuɗinsu. Tun shekarar 1977 Hukumar Lafiya ta Duniya take fitar da jerin muhimman magunguna, tana sabunta shi duk bayan shekara biyu, ƙasashe da dama kuma a kansa suke gina nasu. Ka nemi a nuna maka jerin inshorarka, ka tambayi kason da za ka biya daga aljihunka. Idan maganinka ba ya ciki, likita ne zai duba ko akwai makamancinsa, ba kai ba.

Yanzu a ce ka miƙa katin inshorarka da takardar likita, mai harhaɗa magani ya duba kwamfuta, ya ɗago kai ya ce, "Yi haƙuri, ba a amince ba." A nan ne mutane da yawa suke naɗe takardarsu su juya gida cikin kunya, alhali babu abin kunya a ciki. Ka tsaya, ka tambaye shi cikin ladabi, "Don Allah, wane dalili suka bayar?" Wani lokaci wa'adin katin ne ya ƙare, wani lokaci takardar likitan ce ta cika adadin karɓarta, ko kuwa ka zo kafin ranar da aka ƙayyade. Wanda ya fi cin lokaci shi ne idan maganin yana buƙatar izinin inshora tukuna, domin sai likita ya rubuta musu bayanin dalilin da ya sa wannan maganin ne ya dace da kai. Ka rubuta dalilin a littafinka, da ranar, da sunan wanda ka yi magana da shi, da lambar da suka ba buƙatarka. Idan sun ƙi duk da haka, ka nemi amsarsu a rubuce, ka kai wa likita don ya taimaka a nemi su sake dubawa.

Duk wannan yana ɗaukar kwanaki, shi ya sa ya kamata ka fara neman sabon magani tun saura na mako guda a hannunka. Idan ya kusa ƙarewa kuma izini bai fito ba, ka gaya wa likita da mai harhaɗa magani a ranar, ka tambaya ko za a ba ka na 'yan kwanaki. Kada ka riƙa raba ƙwaya biyu ko tsallake rana don maganin ya kai ka, kada kuma ka ari na wani.

Kafin ka bar kantin, ka buɗe ledar a gabansu, ka gwada suna da ƙarfi da abin da ke littafinka, ka ƙirga adadin, ka duba ranar ƙarewar aikinsa, ka karɓi rasit. Idan insulin ne wanda ba a fara amfani da shi ba, a firji ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Celsius, kuma wanda ya daskare ba a yin allura da shi.