Darasi na 9: Yadda Ake Shirya Tafiya Dajin Yankari

Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, a Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi domin namun daji a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya zama gandun daji na ƙasa a hannun gwamnatin tarayya. A 2006 kuma aka mayar wa gwamnatin Jihar Bauchi da shi.

Mutane da yawa sukan je Yankari su dawo suna cewa, "Mu dai ba mu ga komai ba sai birai." Idan aka bi diddigi, za a tarar sun isa da rana tsaka ne, suka yi wanka, suka ci abinci, suka juyo kafin la'asar. Namun daji suna da lokacin fitowarsu, kuma ba za su sauya shi saboda baƙo ba. Don haka duk shirin tafiyar nan a kan lokacinsu ake ɗora shi.

Wane wata za a je?

Wannan ita ce tambaya ta farko, kuma ta fi kowace muhimmanci.

Da damina, daga watan Mayu zuwa Satumba, daji yana yin kore shar, gwanin sha'awa. Amma ciyawa takan yi tsawo har ta shanye mutum a tsaye. Ruwa yana kwance a kowane kwari, saboda haka dabba ba ta da dalilin yin nisa don neman sha. Sai su watsu cikin daji, kowa ya kama gabansa. Hanyoyin ciki ma sukan yi laka, mota ta kafe.

Da rani al'amarin yakan juya. Ciyawa ta bushe, ganye ya zube, ido yana hango nesa. Ƙananan tafkuna sun ƙafe, sai Kogin Gaji da ya ratsa tsakiyar dajin, wanda ba ya rasa ruwa. Dole giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza su gangaro can, kamar yadda mutanen gari ke haɗuwa a bakin rijiya ɗaya idan sauran sun ƙafe. Shi ya sa aka fi ganin namun daji daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu.

A cikin ranin ma akwai zaɓi. Disamba da Janairu lokacin hunturu ne. Ana jin daɗin yawo, sai dai sanyin asuba yana ratsa jiki, hazo kuma yakan rage gani. Maris da Afrilu zafi ne mai tsanani, yakan haura digiri 40, amma a lokacin ne dabbobi suka fi manne wa kogi. Mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, a ganina watan Fabrairu ya fi masa sauƙi: sanyi ya fara ja da baya, zafi bai gama kankama ba.

Lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara da hutun Sallah wurin yakan cika. Wanda yake son natsuwa ya zaɓi tsakiyar mako, a lokacin da ba a hutu.

Hanya

Daga garin Bauchi ana kama hanyar Gombe har zuwa Dindima. A nan ake barin babban titi a yi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar dajin take. Wanda ya taso daga Gombe zai wuce Alkaleri kafin ya iso Dindima. Mutanen Kano kuwa su bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi su sauka Bauchi.

Ga abin da ke ruɗin baƙi: isa ƙofa ba isa masauki ba ne. Daga ƙofa zuwa Sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai sauran tafiyar kilomita 40 da 'yan kai a cikin dajin kansa. Idan aka haɗa duka, daga Bauchi zuwa Wikki ya haura kilomita 100. Kuma wannan hanya ta ciki ba ta gudu ba ce, don dabba na iya ɓullowa ta tsallaka ba zato.

Saboda haka ku yi lissafi ta yadda za ku isa ƙofa da sauran rana sosai. Wanda ya fito daga nesa, gara ya kwana a Bauchi ya yi sammako. Ku cika tanki da mai tun a Bauchi, wanda zai kai ku ya dawo da ku, har da na yawo a ciki. A duba tayar safaya da jak da ruwan inji. Idan ba ku da motar kanku, ku ɗauki shata wadda za ta jira ku, domin ba a samun motar haya a cikin daji. Ku yi magana da direba ƙarara a kan kwana nawa zai yi da ku, da wanda zai ɗauki nauyin cinsa da makwancinsa, tun kafin a tashi.

Kafin ranar tafiya da kwana ɗaya ko biyu, ku tambayi halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro. Direbobin tasha da ma'aikatan dajin sun fi kowa sanin wannan. Kada a yi tafiyar dare.

Kwana da kuɗi

Mafi ƙarancin abin da ya kamata shi ne kwana ɗaya. Kwana biyu ya fi. Dalili kuwa, ana fita kallon namun daji da sassafe da kuma yamma lis, lokacin da rana ba ta da ƙarfi. Da tsakar rana dabbobi suna kwance a inuwa cikin duhuwa. Wanda ya kwana ɗaya yana da fita biyu, ta yamma da ta safe. Idan ta farko ba ta yi kyau ba, ta biyu na iya yi.

Farashi yana sauyawa, don haka kada ku dogara da abin da wani ya biya bara. Ku nemi lambar ofishin dajin ku buga waya. Kafin ku buga, ku rubuta tambayoyinku a littafi, ku bar fili a gaban kowace don rubuta amsa. Ga misalin yadda za a fara:

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Muna so mu kawo ziyara ne, mu goma sha biyu, manya takwas da yara huɗu. Nawa ne kuɗin shiga na babba, nawa ne na yaro? Ana biya wa mota daban? Akwai ɗaki a ranar kaza, kuma nawa ne kwana ɗaya? Nawa ne fita kallon dabbobi, da motarku ko da tamu? Ƙarfe nawa ake rufe ƙofa?"

Ku tambayi sunan wanda kuka yi magana da shi ku rubuta, tare da kwanan wata. Duk kuɗin da kuka biya, ku karɓi rasit ku adana. Ku riƙe tsabar kuɗi a hannu, domin sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne, tiransifa na iya ƙin tafiya. Bayan an gama lissafi a ƙara wani abu a kai saboda larura, kamar facin taya ko rashin lafiya.

Tafiyar ta fi arha idan an haɗu da yawa. 'Yan aji ɗaya ko 'yan ƙungiya suna iya yin adashe na wasu watanni, su ɗauki bas guda, a raba kuɗin mai da na jagora.

Abin da za a ɗauka

Ruwan sha mai yawa shi ne kan gaba. Sai hula ko malafa, da takalmi sau-ciki, da rigar sanyi idan hunturu ne. Tufafi su zama masu dogon hannu, launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka mai haske. A guji baƙi da shuɗi mai duhu, don su ne ke jawo ƙudan tsando, cizonsa kuwa da zafi. A ɗauki maganin sauro da gidan sauro, da tocila, da cajar waya. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ɗauki maganinsa har da ƙari, don asibiti yana da nisa. Kada a manta da darduma da buta, da katin shaida.

Zama a Wikki

Abu na farko da za ku tarar a sansani shi ne gwaggon biri da gadu suna yawo tsakanin ɗakuna. Birran nan sun saba da mutane ƙwarai, sun kuma san leda. Da sun hangi baƙar leda a hannun yaro, sai ɗaya ya taho a hankali kamar ba ruwansa, ya fizge ya haye bishiya. Sukan leƙa taga, su shiga ɗakin da aka bari a buɗe, su zazzage jaka. Saboda haka a rufe ƙofa da taga, a ɗaga gilashin mota, a ci abinci a cikin ɗaki. Kada a ba su komai, ko ɓawon ayaba. Idan biri ya ƙwace abu a bar masa, kada a bi shi. Haƙoransa dogaye ne, kuma cizonsa sai an je asibiti.

Daga sansani ana gangarawa ta matakala zuwa maɓuɓɓugar Wikki. Ruwan yana fitowa ne daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai, har ana ganin farin yashin da ke ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Da asubar hunturu, iska tana kaɗa sanyi, mutum ya tsoma ƙafa ya ji ɗumi. Akwai inda zurfinsa ya kusa mita 2, don haka kada a saki yaro shi kaɗai, kuma wanda bai iya iyo ba ya tsaya a inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Matan da ke son sakewa su tambayi ma'aikata lokacin da jama'a suka fi raguwa. Sabulu da wanki a bar su a ɗaki.

Cikin daji

Ba a shiga daji sai da jagora daga ma'aikatan wurin. Shi ya san hanya, shi ya san sawu. Zai duba kashin giwa a kan turba ya gane ko ɗanye ne, ya ga reshen da aka karya ya faɗa muku inda garken ya nufa. Maganarsa ita ce doka. Kada kowa ya sauka daga mota sai ya ba da izini, ko da don sallah ne ko kama ruwa. A yi ƙasa da murya, a kashe ƙarar waya.

Giwa mai ɗa ba ta son a matse ta. Idan ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai tana girgizawa, to gargaɗi take yi, sai a ja baya. Bakin ruwa kuma akwai dorina da kada, ba wurin tsayawa ɗaukar hoto ba ne. Sigari da ashana a kiyaye su sosai, don busasshiyar ciyawa ba ta da wuyar kamawa.

Ku shiga da sanin cewa nan ba gidan zu ba ne. Ba wanda zai yi muku alkawarin giwa. An ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a Yankari ba su wuce 100 zuwa 150 ba, kuma duk da haka suna cikin garkuna mafi girma da suka saura a Najeriya. Zaki kuwa 'yan kaɗan ne, ba kasafai ake ganinsu ba. Wannan abin damuwa ne ga duk mai son jikokinsa su ga giwa da idonsu. Mafarautan sata ne suka fi yi musu ɓarna, shi ya sa bai dace mai ziyara ya sayi naman daji ko fata ko haure a hanya ba. Wanda ya saya, shi ya ba mafarauci dalilin komawa.

Idan giwa ba ta fito ba, a ɗaga kai sama. Akwai tsuntsaye iri sama da 350 a dajin. Akwai kuma Kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da tsofaffin rijiyoyin Dukkey sama da 130. Mai son ganinsu ya faɗa wa jagora tun kafin a tashi, don a san yadda za a raba lokaci.

Aikin aji

1. A wane wata za ku so ku je Yankari? Ku rubuta dalili biyu.
2. Ku rubuta sunayen garuruwan da za ku bi daga garinku zuwa Dindima, bi da bi.
3. Ku ja layi biyu a littafi. A hagu ku rubuta: mota, shiga, ɗaki, jagora, abinci, larura. A dama ku rubuta kuɗin kowane bayan kun tambaya. Ku haɗa jimla, sannan ku raba ta da yawan matafiya.
4. Idan za a yi adashen wata 6, nawa kowa zai riƙa zubawa duk wata?