Kafin ka shiga intabiyun shugabancin injiniyoyi a Ingila

'Yan Kano masu rubuta manhaja ba sa ba mu kunya a nan. Wanda ya fito daga Jami'ar Bayero, ya riƙe tawaga a gida ana fama da wuta da intanet, ya san aiki. Amma wajen intabiyu wuri biyu sababbin zuwa ke ta tuntuɓe, abin har ya ishe mu.

Intabiyun zagaye-zagaye ake yin sa, kuma zagayen tsara manhaja ba ya ba mutanenmu wahala. Ka dai tambayi yawan masu amfani da ita kafin ka fara zane, ka kuma faɗi abin da zai faru idan rumbun bayanai ya tsaya.

A zagayen shugabanci kuwa, kawaicin da aka tarbiyyantar da mu a kai yana cutar da mu. Za a ce ka ba da labarin injiniyan da aikinsa ya ja baya, ko ranar da manhaja ta faɗi cikin dare. Shirya labarai biyar ko shida tun daga gida: mutum nawa ke ƙarƙashinka, wane hukunci ka yanke da kanka, me ya biyo baya, da alƙaluma. Idan ka ɓuya a bayan tawaga, sai su ɗauka ba ka taɓa jagoranci ba.

Sai takardu, inda ake asara mai ciwo. Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi zagaye huɗu ko biyar sannan ka tayar da maganar biza. Tun kafin ka aika takardar neman aiki, duba sunan kamfanin a rajistar masu lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata da ke shafin gwamnatin Birtaniya. Idan ba ya ciki, ka tambaya a kiran farko ko suna shirin neman lasisi. Ko yana ciki ma ka tambaya, domin lasisi ba alkawari ba ne cewa za su ɗauki nauyin wannan gurbin.

Daga Yulin 2025, mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararren ma'aikaci ya koma fam 41,700 a shekara, ko abin da aka ƙayyade wa sana'ar idan ya fi haka. Takardar ɗaukar nauyi da kamfani zai ba ka, wato CoS, wata uku gare ka ka nemi biza da ita. Kuɗin lafiya da ake biya tare da biza fam 1,035 ne kowace shekara ga babba, kuma a dunƙule ake biya tun farko. Mai mata ya ninka lissafi, yara ma da nasu. Ka tambayi wa zai biya, a rubuta maka.

Mai wannan bizar da ke son sauya kamfani, sabuwar biza zai nema, kuma ba zai fara sabon aikin ba sai ta fito. Kada murnar an kira ka a waya cewa ka samu sabon aiki ta sa ka ajiye tsohon. In tsohon kamfani ya sanar da gwamnati ka tafi, yawanci kwana 60 kawai ake bar maka a bizarka.