Idan fitilar motarka ta yi rawaya ta dusashe

'Yan'uwa, kafin ku sayi sabuwa, ku gwada wannan. Murfin fitilun motocin yanzu roba ne, rana ce ke cinye samansa.

A wanke da ruwan sabulu, a zagaye gefen da salatif don kare fenti. A shafa makilin, farin nan, a murza da tsumma sosai, a ɗauraye. Idan abin ya yi nisa, sai samfefa mai lamba 1000, sannan 2000, sannan 3000, kullum a jiƙe, a ƙarasa da man goge mota.

Amma fa in ba a fesa maganin kariya daga rana ba, rawayar za ta dawo cikin 'yan watanni. Kada wanda ya kusanto da fetur ko tina, lalata robar suke yi.