Yadda na gyara taswirar Leaflet da ta ƙi nuna GeoJSON

Leaflet manhajar JavaScript ce ta nuna taswira a shafin intanet, GeoJSON kuma nau'in fayil ne na bayanan taswira. Taswira ta buɗe, fayil ya sauka, babu saƙon kuskure, amma ko layi ɗaya bai fito ba. Da na leƙa cikin fayil ɗin sai ga lambobi irin su 450000. Wannan awon mita ne na tsarin UTM, wanda ke nuna wuri da mita maimakon digiri. Shi kuwa L.geoJSON, umarnin Leaflet mai zana fayil ɗin, digiri yake jira, na tsarin latitud da longitud na WGS 84, kamar yadda ƙa'idar GeoJSON, wato RFC 7946 ta 2016, ta tanada.

Na sake fitar da fayil ɗin daga shapefile na asali (fayil ɗin taswira mai .shp) da wannan umarni na ogr2ogr, manhajar sauya nau'in fayilolin taswira, inda EPSG:4326 ke nufin WGS 84:

ogr2ogr -f GeoJSON -t_srs EPSG:4326 -lco COORDINATE_PRECISION=6 sabo.geojson asali.shp

Idan babu fayil ɗin .prj, wanda ke faɗin tsarin awon shapefile ɗin, dole ka ƙara -s_srs da lambar tsarin asalin, in ba haka ba umarnin zai tsaya. Lambobi shida bayan ɗigo (COORDINATE_PRECISION=6) sun wadatar, daidaiton wajen santimita 11 ke nan, kuma fayil ya fi sauƙin sauka.

Sauran tarko ɗaya. GeoJSON longitud yake sa wa a gaba, amma L.marker (mai sa alama a taswira) da setView (mai saita tsakiyar taswira) latitud suke fara karɓa. In ka kwafo lambobi daga fayil zuwa L.marker, juya su, ko alamarka ta faɗa wata nahiya. A ƙarshe na kira map.fitBounds(layer.getBounds()), inda layer shi ne abin da L.geoJSON ya dawo da shi, domin taswirar ta je inda bayanan suke da kanta.