'Yan aji shida, in malam bai shigo ba

Assalamu alaikum ƙannena. Na san halin da wasunku ke ciki: an kaɗa ƙararrawa, lokacin lissafi ne, malam ko ƙeyarsa ba a gani ba. Mu ma mun sha haka a wata makaranta nan cikin Katsina. Malamin kemistiri sai ya yi sati biyu bai leƙo ba, mu kuwa muna gindin darbejiya muna gardamar ƙwallo.

Abin da ya cece mu manhaja ce, wato silabus. Ku samo ta WAEC da NECO da JAMB, ku liƙa a bangon aji, duk darasin da aka gama ku sa masa alama da biro. Nan za ku ga giɓin da aka bar muku. Sai ku raba aiki: gwanin lissafi ya ɗauki alli ya hau allo, wani ya riƙe Turanci, tunda in ba kiredit a waɗannan biyun, jami'a sai dai hange. Tambayoyin shekarun baya kuma ku riƙa yi da agogo a gabanku, don JAMB tambaya 180 ce cikin awa 2, a kwamfuta.

Inda gizo ke saƙar shi ne firaktikal, wanda ba a koyonsa a littafi. Monita ya rubuta ranakun da aka yi fashi, ku kai wa mataimakin shugaban makaranta cikin ladabi, banda hayaniya, ku roƙi a buɗe muku ɗakin gwaje-gwaje, ko a haɗa ku da ɗan bautar ƙasa. Mu namu har ranar Asabar yana zuwa mana.