Yadda za ka hau Dutsen Kufena ka dawo Kaduna a yini ɗaya

Jama'a masu tambayata zancen hawan Kufena, dutsen nan da ke gefen Zariya, ga yadda nake yi. Amma tun farko in faɗa muku, ba yawon shan iska ba ne irin na Gamji, wurin shaƙatawar nan na Kaduna, da za ka je ka ɗauki hoto a gadar Lugard ka dawo, wannan dutse ne na gaske kuma sai ka ji a cinyoyinka. In ka daɗe ba ka motsa jiki ba to ka yi sati biyu kana zagaya Murtala Square da sassafe tukuna.

Lokacin da na fi so shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke, hazo bai sauko sosai ba. Da damina dutsen santsi gare shi, a Maris da Afrilu kuwa rana za ta gasa shi har ba ka iya dafa shi da hannu.

Kana idar da sallar asuba ka nufi tashar Kawo ka shiga motar Zariya, kusan kilomita 80 ne, ka sauka Ɗan Magaji ka hau keke ko acaɓa zuwa Wusasa, daga nan ga dutsen nan a gabanka. So nake ƙarfe 8 ta yi maka a gindinsa. Kar ka tafi kai kaɗai, ku yi ku uku ko huɗu, kuma in kun isa ku yi wa dattawan wurin sallama, ku ce Baba ina kwana, hawa muka zo yi, ku tambayi lafiyar hanya sannan ku nemi saurayi ɗan unguwa ya ja ku, ku sallame shi da abin kirki in an sauko.

Takalmi kambas mai ƙarfin ƙasa. Silifas a'a wallahi, na taɓa hawa da shi, a tsakiyar gangara hancinsa ya tsinke, haka na ƙarasa da ƙafa ɗaya a kan dutse mai zafi. Ruwa aƙalla lita 2 kowa, ban da na alwala, sai dabino da ƙuli-ƙuli da ayaba, da hula da man leɓe. Ledar fiya wata kuma a mayar da ita jaka don Allah, abin yana min ciwo in na ga an watsar a sama.

Wurin hawa a yi a hankali, gajeren taku, a riƙa kurɓar ruwa tun kafin ƙishi ya zo, kuma kar a zura hannu cikin tsagar dutse saboda maciji da kunama. In kanka ya fara juyawa ka nemi inuwa ka zauna.

A sama za ka hango Zariya shimfiɗe har Samaru, ka tuna mutanen Zazzau sun zauna a nan tun kafin birnin yanzu.

Saukowa ce ke kayar da mutane, don ƙafa ta gaji tana rawa kuma kowa na ɗokin gida. Ka juya gefe kana taku a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe, waya a aljihu, inda ya yi tsaye sosai ka zauna ka ja jiki, ku bar tazara tsakaninku saboda tsakuwa. Ku fara sauka kafin 11, ku yi azahar a Wusasa, la'asar ta same ku a Kawo.