Mai ciwon suga da duba ido a gida: inda aka fi yin kuskure

Masu ciwon suga da yawa suna gwada ganinsu ne da ido biyu a buɗe, kuma a nan ake fara ɓata. Idan ido ɗaya ya soma lalacewa, ɗan'uwansa yana rufa masa asiri, mutum ya yi watanni bai farga ba.

Ga yadda ake yi, sau ɗaya a mako. Samo fallen littafin lissafi na 'yan firamare, mai gida-gida ɗin nan, ka zana murabba'i mai santimita 10 kowane gefe, ka ɗiga baƙin ɗigo a tsakiya. Zauna a wuri mai haske, sa gilashin karatunka in kana da shi, riƙe takardar nisan rular ɗalibai, santimita 30. Rufe ido ɗaya da tafin hannu, ban da dannawa, ka kafe ɗayan a kan ɗigon. Kada ka bi layukan da kallo, don in idon ya yi yawo zai tsallake wurin da ya lalace. Layi ya lanƙwashe? Wani gida ya ɓace ko ya yi duhu? Rubuta kwanan wata da idon da abin ya shafa, sannan ka koma ɗaya idon.

Sai masu cewa "ai garau nake gani". Suga yana cin ƙananan jijiyoyin jini na shimfiɗar bayan ido shekara da shekaru ba ciwo ba ja, takarda kuwa ba ta nuna wannan sai tafiya ta yi nisa. Dole sau ɗaya a shekara likitan ido ya ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ya leƙa ciki. Mai nau'i na 2 ya je da zarar an gano ciwon, mai nau'i na 1 cikin shekara 5, mai juna biyu kuma a watanni ukun farko. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Maganin yana sa dishi-dishi na awa 4 zuwa 6, saboda haka a ajiye mota da babur, a tafi da ɗan rakiya da baƙin gilashi.

Wani kuwa da ya ga hazo-hazo sai ya nufi kasuwar Taminus ta Jos ya zaɓi gilashi a faranti. Hawa da saukar suga suna sauya ƙarfin madubin cikin ido, gilashin da ya yi daidai yau ya ƙi yi bayan mako biyu. A daidaita suga na 'yan makonni tukuna. Ga mafi yawan manya ana son awon HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na wata uku, ya zama ƙasa da kashi 7 cikin 100, a kuma riƙe hawan jini.

Lokacin hunturu komai ƙura ake ɗora wa laifi, a shiga kemis a sayi maganin ɗigawa. Masu ɗauke da dexamethasone ko betamethasone suna iya ɗaga matsin cikin ido su kawo yana. Ruwan albasa da garin gargajiya kuwa ko kusa.

Mafi hatsari shi ne "bari mu ga gobe". Baƙaƙen ɗigo kamar ƙudaje da suka yawaita farat ɗaya, walƙiya a gefen ido, ko duhu mai saukowa kamar labule, suna iya zama jini ne ya zuba a ciki ko shimfiɗar ce take ɓallewa. Wannan ranar za a je asibiti, a tafi da takardar nan da magungunan da ake sha.